Malanville ko Gaya: Ina Aka Fi Jin Daɗin Zama?

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a garin nan, a tasha, a kasuwa, har a bakin makaranta: wai tsakanin Benin da Nijar, ina talaka ya fi jin daɗi? Mu 'yan ajin ƙarshe muna ganin mun cancanci sa baki, don babu ɗayanmu da ba shi da kawu ko gwaggo a Gaya.

Bari mu fara da abin da Benin ta fi. Tana da teku da tashar jiragen ruwa ta Kwatano, Nijar kuwa ba ta da mafita ta ruwa. Ruwan sama ya fi yawa a nan, shi ya sa masara, doya da gari ke fitowa daga kudu su cika kasuwarmu, wadda ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa. Tun 2006 aka soke kuɗin lakwal na firamare ta gwamnati, kuma daga 2017 aka faɗaɗa ciyar da yara a makarantu. A jerin ci gaban al'umma da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa, Benin tana gaban Nijar, ko da yake dukansu biyu suna can ƙasa-ƙasa.

To amma kada mu yi saurin tafi. Nijar tana da man fetur nata, da matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011. A Yulin 2024 aka sauke litar mai zuwa sefa 499, wato dala ɗari ba sefa ɗaya, a lokacin da mu nan muke kuka da tsadar mai tun da Nijeriya ta cire tallafi a 2023. A Satumban 2024 kuma aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Dabbobi, wake da albasa masu yawa daga can suke gangarowa kudu. Kowa dai da inda Allah ya fifita shi.

Ra'ayinmu shi ne, wannan awo na wa ya fi wa bai kama ainihin zamanmu ba. Abin da ke ciyar da Malanville da Gaya abu ɗaya ne: gada. Mun gane haka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, da CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi layi har bayan gari, kaya suka lalace a ciki. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilin tsaro. Wa ya ci riba? A can shinkafa da magani suka yi tsada. A nan 'yan dako, masu abinci, masu gyaran taya da 'yan kabu-kabu suka rasa ciniki. Mutane suka koma tsallaka gulbi da jirgin ruwa, tsofaffi da masu ciki a cikin lodi, ga kuɗin fito, ga haɗari idan ruwa ya cika. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu magana, haka ciwon Gaya na Malanville ne.

Wani zai ce mana, ai tsaron ƙasa ya fi ciniki. Ba mu musa ba, mu ma muna jin labarin hare-hare a dajin W da ke kusa da mu. Sai dai mutane da kaya ba su daina tsallakawa ba, hanya kawai suka sake. Wanda ya bi gada ana ganin takardarsa, ana duba kayansa. Wanda ya bi gulbi da dare fa, wa ya gan shi?

Abin da ya fi damunmu shi ne yara. Idan samun uba ya ragu, ɗa ne ke barin allo da littafi ya tafi bakin ruwa ɗaukar kaya. Kuɗin yau ne, amma karatun da ya wuce ba ya dawowa da sauƙi. A wurinmu ma'aunin jin daɗi guda huɗu ne: a ci a ƙoshi, mara lafiya ya samu magani, yaro ya zauna a aji, a kwana ba fargaba. Duk huɗun sun fi samuwa idan hanya a buɗe take.

Don haka muna roƙon iyaye, komai tsanani kada a cire yaro daga makaranta. A zo a yi magana da malamai, a nemi sauƙi. 'Yan'uwa ɗalibai, mu bar gorin "ƙasarku" da "ƙasarmu". Dendi ɗaya ce tun kafin Faransa ta mai da gulbi iyaka, kuma Dandawa, Zabarmawa, Hausawa da Fulani suna gaɓa biyun duka. Shugabanni a Kwatano da Yamai kuwa, muna roƙonsu su zauna su daidaita, don mu na bakin gada mu ke biyan kuɗin saɓaninsu.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.