Warin Daddawa Ba Ya Wanke Ɓera

Kafin farkon shekarar 2023, cinikin kifi banda a Haɗejiya da na shanshera a Auyo da Kafin Hausa harkar tsabar kuɗi ce: a ƙirga, a miƙa, a rabu lafiya. Sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Najeriya ya yi shi ya tura mutanen fadama cikin tura kuɗi ta waya ba tare da shiri ba, 'yan watanni kaɗan bayan ambaliyar 2022 ta cinye gonakinsu. Tare da sabuwar hanyar sai ga sabon ɓarawo: mai alat na bogi, da mai buga waya da sunan ma'aikacin banki yana neman lambar sirrin da aka turo wa mai asusu.

Duk lokacin da aka damfari wani, hukunci biyu ake saurin yankewa. Wanda aka cuta a ce sakacinsa ne ko kwaɗayinsa, ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya yi cutar kuwa a ce talauci ne da rashin aiki. Duka biyun hanyoyi ne na sauke nauyi daga inda ya dace ya zauna.

Hujjar talauci ita ce mafi rauni, kuma fadamar Haɗejiya kanta ta isa shaida. Manomin Guri ko Kirikasamma da kachala ta toshe masa hanyar ruwa, ambaliya ta wanke masa shinkafa, yakan ci bashi, ya koma su, ko ya tafi cirani. Ba ya koyon ƙirƙirar saƙon banki. Masanin laifuka ɗan Amurka Donald Cressey, wanda ya tattauna da fursunonin da suka ci amanar dukiya ya kuma wallafa sakamakonsa a 1953, ya nuna cewa matsin buƙata kaɗai ba ya haifar da zamba. Sai an samu dama, sannan mutum ya samu labarin da zai faɗa wa zuciyarsa don ta kwanta. A nan labarin sananne ne: manya ma suna ci, kuɗin banki ba na kowa ba ne, wanda aka yaudara ai wawa ne. Wannan labari kuwa ba matashin ne kaɗai ya ƙaga shi ba. Gidan da ke karɓar sabon babur daga hannun ɗan da ba shi da sana'a, ba tare da tambaya ba, ya sa hannu a rubutunsa.

Warin daddawa gaskiya ne a wasu wurare. Wanda ya zuba jari a MMM kafin ta rufe a Disambar 2016, ko a CBEX da ta ruguje a Afrilun 2025, yana jiran riba mai tsoka cikin wata guda, yana da tambayar da zai yi wa kansa. Amma tsohuwar da ta karanta wa baƙuwar murya lambobi shida don an ce za a rufe mata asusu, ba kwaɗayi ya ja ta ba, tsoro ne.

Damar kuwa tana da masu ita. Kuɗin sata ba ya tashi sama, a wani asusu yake sauka, kuma wani kamfani ne ya buɗe asusun. Sai a Disambar 2023 Babban Banki ya wajabta haɗa ƙananan asusai da BVN ko NIN, kuma a Afrilun 2024 ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa na wasu makonni, har su gyara tsarin tantancewa. Kamfanin da ke cin riba a kan kowace tura kuɗi bai kamata ya tsaya ɗan kallo ba ranar da aka yi asara.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba: mai ba da aron suna. A 2025 hukumar EFCC ta bayyana cewa wasu matasa na sayen bayanan NIN da BVN a hannun mutane kan naira 1,500 zuwa 2,000, a buɗe asusai da su. Mai sayarwa yana ganin kuɗin kati ya samu. Ranar da masu bincike suka bi sawun kuɗin wani ɗan kasuwar Legas ko Kano, sunan farko da za su tarar a takarda nasa ne, da hotonsa, da adireshin gidan mahaifinsa.