Wajen yankar albashi ɗan gida, wajen rangwame baƙo

Duk ranar 1 ga Oktoba dubban matasan da suka gama karatu a Amurka suke ajiye bizar ɗalibta ta F-1 su koma bizar aiki ta H-1B. Cikinsu akwai 'ya'yanmu. A gida ana ta barka, yaro ya kama aiki. Abin da ke jiransa a watan Afrilu, lokacin cike takardar haraji, kuwa zalunci ne tsagwaronsa, an dai lulluɓe shi da lambobin fom.

Albashin farko bayan canjin biza da giɓi yake zuwa. An fara cire kashi 7.65 cikin ɗari: 6.2 na asusun fansho na Social Security, 1.45 na Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi. A ce ba komai, kowane ma'aikaci yana biya. Amma kafin mutum ya ci wannan fansho sai ya tara maki 40, wato aikin kimanin shekara 10, alhali H-1B shekara 6 ce iyakarta, sai fa in an fara nema masa katin zama na dindindin. Wanda ya tattara kayansa ya dawo Kano ko Zariya bayan shekara 6, ko sisi ba a mayar masa.

Wato wajen karɓa ɗan gida ne. Ranar cike takardar haraji kuma sai hukumar haraji ta IRS ta ce ba ta san zancen ba. Kwanakin da ya yi a matsayin ɗalibi, har na shekara 5, ba a lissafa su. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba kwana 92 ne, doka kuwa 183 take nema kafin a ɗauki mutum mazauni. Don haka yaron da ya shekara 4 a ƙasar, yana biyan haya, yana biyan haraji kan kowane takalmin da ya saya, baƙo ne: ya ɗauki fom 1040-NR. Wannan fom ba shi da rangwamen da ake ba kowa, wanda a 2024 ya kai dala 14,600 ga wanda bai da aure. Abokin aikinsa da suke zaune ofis ɗaya, albashi ɗaya, an yafe masa haraji kan wannan kuɗi, shi kuma a'a. Wane irin adalci ne wannan?

Za a ce ai akwai mafita, yana iya zaɓar a ɗauke shi mazauni daga Oktoba. Gaskiya ne. Sai dai ya nemi ƙarin lokaci, ya jira kwanakinsa su cika a shekara mai zuwa, ya raba shekararsa gida biyu, kuma bayan duk wannan wahala rangwamen nan bai samu ba.

Ba Amurka kaɗai nake fushi da ita ba. Ɗalibin Indiya yana samun rangwamen nan saboda yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasarsa da Amurka. Na Sin an yafe masa haraji kan dala 5,000 na abin da ya samu a shekara. Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu duk suna da yarjejeniya. Nijeriya ba ta da ita, haka Nijar, haka Ghana. Jami'anmu sun iya hawa mumbari su yi tinƙaho da kusan dala biliyan 20 da 'yan ƙasa mazauna waje ke turowa gida duk shekara, amma zaman teburin da zai rage wa masu turowar nauyi ya gagare su.

Sai kuma masu ba da fatawa a zaurukan WhatsApp. "Kai dai cike fom ɗin mazauna, kuɗin da za a dawo maka ya fi yawa." Wallahi wannan shawara cuta ce. Yaro ya karɓi kuɗin ya yi murna, daga baya ya dawo yana cike fom ɗin gyara na 1040-X, yana mayar da kuɗin har da ruwa, ga fargabar ranar da jami'in shige da fice zai buƙaci takardun harajinsa. Wanda ya ba shi shawarar ba zai biya masa ko kwabo ba.

Ofisoshin jakadancinmu na Washington, New York da Atlanta su buga bayanin nan dalla-dalla su raba wa ɗalibai tun kafin Oktoba. Ma'aikatar kuɗi a Abuja kuma ta fito ta gaya mana dalilin da ya sa Tunisiya ta samu yarjejeniya, mu ba mu samu ba.