Wallahi ku daina auna gem da kyawun hoto: ga jerin Prince of Persia na gaskiya

Shekaranjiya a wurin mai caji a Matsaro wani yaro ya leƙo wayata, ya ga ina buga tsohon Prince of Persia, sai ya tuntsire da dariya, wai "Yaya, wannan ai gem ɗin mutanen da ne, ko hoto ba shi da shi." Ban ce masa komai ba. Amma kai da kake karanta wannan, na san tunaninku ɗaya da shi, don haka yau sai mun yi ta.

Kai a wurinka gem mai kyau shi ne mai gigabait da yawa. Ka ƙona data, waya ta yi zafi kamar tanda cikin zafin Haɗejia, caji ya ƙare, bayan kwana uku ka goge shi. Wannan ba wayewa ba ce, asara ce. Ga yadda na jera waɗanda ake tafiya hagu da dama a cikinsu, daga ƙasa zuwa sama.

NA HUƊU: The Shadow and the Flame (1993)
Ya fi na farko launi da faɗin wurare, gaskiya ne. Waziri Jaffar ya saci kamannin Yarima, shi kuma ya dira ta taga ya gudu cikin jirgin ruwa. Amma faɗan cikinsa zalunci ne, musamman kawunan nan masu yawo a iska. Sannan labarin ya tsaya a rataye, ba a taɓa ƙarasa shi ba. Ka gani? An ƙara hoto, daɗi ya ragu.

NA UKU: Na Java na kamfanin Gameloft
Warrior Within da The Two Thrones, waɗanda muka buga a Nokia mai maɓalli. Daga Waptrick ake saukewa, ko aboki ya turo maka ta Bluetooth. Duka-dukansu ba su kai nauyin hoto guda na wayarka ta yanzu ba, amma wa ya taɓa ajiye su kafin batir ya mutu? Gajeru ne, shi ya sa ba su wuce nan ba.

NA BIYU: The Lost Crown (2024)
Kar ka ce ina ƙin sabo ne kawai. Wannan na Ubisoft ya yi. Jarumin sunansa Sargon, labarin kuma a Dutsen Ƙaf yake, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen duk wanda ya tashi da hikayoyin Gabas. Ya iso Android a 2025. To me ya sa ya yi kyau? Saboda ya dawo kan tsohuwar hanya: tsalle, takobi, lissafi. Sai dai yana son waya mai ƙarfi da wurin ajiya, ba kowa ke da su ba.

NA ƊAYA: Prince of Persia (1989)
Nan ne za mu yi rigima, kuma na shirya. Jordan Mechner ya ƙirƙire shi a kwamfutar Apple II. Ya ɗauki ƙanensa bidiyo yana gudu yana tsalle, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa, shi ya sa Yariman yake motsi kamar mutum mai nauyi a jiki.

Minti 60 kacal aka ba ka ka fito daga kurkuku ka ceci gimbiya. In ka mutu, agogo ba ya komawa baya. Babu sayen rai da kuɗi, babu talla. Kamar mai su ne a kogin Haɗejia: in ka yi gaggawa ka tashi a tutar babu, in ka yi nawa rana ta faɗi.

Ga abin da ya sa babu na biyunsa. A tsakiyar wasan za ka dira ta cikin madubi, inuwarka ta balle ta zama abokin gabarka. Ranar da kuka yi gaba da gaba, duk saran da ka yi mata kai ma jininka ne ke raguwa. Mafita ɗaya ce: ka mayar da takobi kube, ka tafi gare ta, ku haɗe. Kuma ka san me ya haifi wannan dabarar? Ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ta cika, babu wurin zana sabon maƙiyi, sai aka juya hoton Yariman kansa. Rashi ne ya kawo hikima. Nuna min gem ɗinka mai gigabait goma da ya taɓa koya maka cewa wani faɗan da haƙuri ake cin sa.

In kana son gwadawa, J2ME Loader na buɗe na Java a Android, na kwamfuta kuma kowace manhajar DOSBox za ta ɗauka. Ka kiyayi shafukan da ke cewa sai ka saka lambar wayarka kafin ka sauke.

Ka buga na 1989, ka gama shi cikin minti 60, sannan ka dawo ka yi min dariya. Ina nan ina jira.