Tayil Mai Ƙyalli Da Tsofaffinmu: Gidan Wa Muke Ginawa A Lafia?

Yau na zo da ɓacin rai, wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu Hausawa mazauna Lafia muna da wata taƙama: wai mu ba Turawa ba ne da za mu kai iyayenmu gidan gajiyayyu. Madalla. To amma wane irin gida muke ajiye su a ciki? Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 Lafia ta zama hedikwata, gine-gine sai ƙaruwa suke. Ka zaga Bukan Sidi, Tudun Gwandara ko hanyar Shabu, duk wanda ya samu kuɗi burinsa ɗaya ne: tayil mai ƙyalli tun daga falo har banɗaki, manyan madubai, doguwar katanga, babu zaure, babu tsakar gida. Sai ya ɗauko gyatumarsa daga ƙauye ya sa ta ciki, ya ce ya huce mata takaici.

Kayan gini babanmu yake sayarwa, ni ma a shagon nake wuni, saboda haka abincinmu nake taɓawa. Amma abin a gidanmu ya faru. Kakarmu, wadda muke kira Inna, an ɗauko ta daga ƙasar Katsina lokacin da gigin tsufa ya fara kama ta. Ranar farko ta tsaya a ƙofar falo ta ƙi shiga, tana cewa wa ya zubar da ruwa. Muka yi ta dariya. Ta ga madubin ɗakinta ta ce a fitar mata da baƙuwar nan. Wasu maƙwabta har sun fara zancen aljanu. Ba a rufa wata biyu ba ta tashi alwalar asuba, santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙugu ya karye. Daga nan ba ta sake takawa ba har Allah ya karɓi abarsa.

Daga baya na gane ba aljanu ba ne, kuma ba rigima ba ce. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu, kuma cutar Alzheimer ce ke jawo mafi yawansa. Mai wannan ciwo idonsa na gani, amma ƙwaƙwalwa na yi masa mummunar fassara: daɓe mai ƙyalli ya zame masa ruwa, baƙin kafet ya zama rami, fuskarsa a madubi ta zama ta wani. Farin masai a kan farin tayil, jikin farin bango, ba ya ma gane inda yake.

Turawan da muke zagi sun daɗe da lura da haka. A Jami'ar Stirling ta ƙasar Sikotilan akwai cibiya tun 1989 da ke nazarin yadda za a tsara wa irin waɗannan tsofaffi muhalli. A Holan kuwa, a 2009 aka buɗe Hogeweyk, unguwa guda ta masu gigin tsufa, da kanti da wurin shan iska, an shirya ɗakuna irin waɗanda suka saba da su tun ƙuruciya. Jama'a, mene ne wannan in ba gidan kakanninmu ba? Tsakar gida mai fili, inuwar darbejiya, zaure da mutane ke shigowa gaisuwa, jika na wasa a gabanta. Su suna kashe miliyoyi su ƙirƙiro, mu muna kashe miliyoyi mu rushe.

Wani zai ce tayil ya fi tsabta, zamani kuma ya canza. Ban musa ba. Akwai mai kaushi wanda ba ya santsi, yana nan jibge a shaguna, mutane ne ke ƙinsa wai bai yi kyau ba. Kyan ɗan maciji kuke saye! Abin da ake buƙata bai kai kuɗin silin falo ba: ɗakin tsohuwa ya kasance a ƙasa, kusa da makewayi. A kafa ƙarfen dafawa a bango. A yi wa ƙofar banɗaki fenti mai launi daban. A sa fitilar sola ta kwana a kunne. A cire madubi in yana firgita ta. A bar mata gadonta, butarta, kwallayenta da tabarmarta, domin su ne ke gaya mata tana gida.

Kada kuma mu jira gwamnati. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, amma ba ita za ta zo ta zaɓa maka tayil ba. Kai ne mai gida, kai ke biyan birkila. Kafin ka ce a zuba mai ƙyalli, ka tuna ƙafar da ta yi ta zirga-zirga da kai a goye, ka kuma tuna in da rai kai ma a wannan daɓen za ka ja sanda.

Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage. Wassalam.