Sharhi: Sabon tsaron Android da ƙalubalen 'yan kasuwar hatsi a Funtuwa da Malumfashi

Da zarar kaka ta yi, masara da waken soya da auduga suka fara shiga kasuwannin Funtuwa da Dandume da Malumfashi, shagunan waya su ma sukan samu nasu rabon, domin a lokacin ne manomi da dillali ke sauya tsohuwar Tecno ko Itel da sabuwa. Sai dai sabuwar wayar takan zo da ƙa'idojin tsaron da babu wanda ya yi wa mai ita bayaninsu.

Android, tsarin da ke tafiyar da akasarin waɗannan wayoyi da na'urorin POS da dama, buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowane kamfani na iya ɗaukar tushenta ya yi gini a kai. Amma Google ne ke tsara saitin tsaron da take zuwa da shi, kuma galibin jama'a ba sa taɓa shi.

Tun daga Android 14, wadda ta fito a watan Oktoban 2023, waya ba ta karɓar manhajar da aka gina bisa ƙa'idojin da suka gabaci Android 6 ta shekarar 2015. Android 15 kuma ta ɗaga sharaɗin zuwa Android 7. Dalilin mai ƙarfi ne: 'yan damfara sukan gina manhajarsu da tsohon tsari da gangan, domin ta samu damar karanta saƙonni da lambobi ba tare da ta nemi izini ɗaya bayan ɗaya ba.

Wanda ya sabunta tsarin wayarsa, tsofaffin manhajojinsa za su ci gaba da zama. Matsalar tana kan wanda ya sayi sabuwa. A wannan yanki, turawa ta Xender hanya ce sananniya ta samun manhaja saboda tsadar data. Dillalin da ya shekara da shekaru yana rubuta bashin buhuna a wata tsohuwar manhaja zai iya tarar da cewa ta ƙi hawa sabuwar wayar, alhali ya riga ya sayar da tsohuwar.

Haka kuma, tun Android 13 ta shekarar 2022, manhajar da aka ɗora sabuwa ba ta aiko da sanarwa sai an ba ta izini. Bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, cinikin hatsi da yawa ya koma taransfa. Ɗan kasuwar da ya danna ƙin amincewa bisa kuskure zai zauna jiran sanarwar manhajar banki, mota kuma tana jiran lodi.

Akwai sauran rina a kaba. A watan Agustan 2025, Google ya sanar da shirin tantance masu ƙera manhaja, har da waɗanda ba sa bi ta Play Store, daga Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Thailand, kafin a faɗaɗa shi daga 2027.

Tsaurara tsaro daidai ne. Haɗarin shi ne mutumin da abin ya zo wa ba zato yakan garzaya wurin mai gyara ya kashe masa Play Protect, ko ya ɗora masa jabun kwafi, ya zama an gudu ba a tsira ba.

Saboda haka, ɗan kasuwa kada ya rabu da tsohuwar waya sai ya tabbatar lissafinsa ya buɗe a sabuwa, ya kuma ajiye kwafi a littafi. Hukumomi irin su KTARDA su gwada duk manhajar rajistar manoma a kan sababbin wayoyi kafin a raba wa malaman gona. NITDA da bankuna kuma su riƙa bayyana irin waɗannan sauye-sauye da Hausa a rediyo tun kafin kaka.