Gobir ɗaya ce, Bature ne ya raba ta

1/ Jiya a makaranta wani ya ce mini, "Ku 'yan Sabon Birni ai 'yan Nijar ne." Aka kwashe da dariya. Ni kam ban yi ba, ga dalili. 🧵

2/ A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga can Ɗan Halima ya fito ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗin Sakkwato ce. An daɗe ana kai hari ana ramawa, amma kowa ya san asalin kowa.

3/ Sai ga Turawa. A 1898, a birnin Paris, Ingila da Faransa suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wai iyaka ke nan. Babu Bagobiri ko ɗaya a wurin. A 1899 sojojin Faransa suka ƙone Birnin Ƙonni, a 1903 Ingila ta ci Sakkwato. Da aka gyara layin a 1906, Tsibiri na hannun Faransa, Sabon Birni na hannun Ingila.

4/ Ba mu kaɗai aka yi wa haka ba fa. A 1783, a Paris ɗin dai, Ingila ta miƙa wa Amurka ƙasar ƙabilar Shawnee ba tare da an tambaye su ba. Jagoransu Tecumseh ya yi yaƙi har aka kashe shi a 1813. Yau ƙabilar tana Oklahoma, nesa da ƙasar kakanninta.

5/ Mu ba a kore mu ba, raba mu aka yi. Kuma har yau muna biyan kuɗin wannan layi. Ɗan bindiga na tsallake shi a kan babur babu mai tambayarsa. Da aka rufe iyaka a 2023, mai kai kaya kasuwa ne ya ji jiki.

6/ Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan Isa da Sabon Birni, ina mutane suka gudu? Jihar Maraɗi, wajen dangi. Waɗanda kuke wa dariya su ne suka ba su tabarma da fura.

7/ Ba cewa nake a goge iyaka ba. Cewa nake Abuja da Yamai su tsare ta tare, domin ɓarawon ɗaya ne. Ku kuma samari, ku daina mayar da "ɗan Nijar" zagi. Kakata tana Tsibiri. Allah ya kawo mana zaman lafiya.