Karnuka Biyu, Kasko Biyu

A ƙasar Arewa, tun daga Matankari da Dankasari har zuwa Tibiri da Geceme, kare ba baƙo ba ne a gidan talaka. Mafarauci yana shiga daji da shi bayan an kauda amfanin gona, makiyayi yana barin shi bakin garke don ya kori dila, mai garka cikin Dallol Mawri kuwa shi ne mai gadinsa na dare. Malamai ma sun halatta ajiye kare don farauta ko tsaron bisashe ko shuka. Saboda haka sau da yawa akan iske karnuka biyu ko ukku cikin gida guda. To, nan ne wuyar take, domin zo mu zauna, zo mu saɓa.

In karnukan gida suka saba da faɗa, ba su kaɗai ke jin jiki ba. Yaron da ya zo rabo shi ke shan cizo. Karen da ɗan'uwansa ya hana wa abinci shi ke faɗa wa zabbin maƙwabta, daga nan sai ƙara gaban mai gari, sai biyan ɗiyya, sai ɓacin zumunci. Galibin wannan fitina kuwa daga hannun maigida take tasowa.

Babban mafarin rigimar shi ne abinci. Mutane da yawa sukan juye sauran tuwo da ƙashi cikin kasko guda, su juya baya. Mai ƙarfi ya cinye, raggo ya kwana da yunwa. Maganin abin ba ya cin ko dala: kowane kare da kaskonsa, a ajiye su nesa da juna, a tsaya har su gama. Wurin kwana ma kowa da nasa. Yara kuma a hana su taɓa kare yana cin abinci, ko kusantar karya mai shayarwa.

Sa'an nan sai horo, wanda icce ne, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana halin dabbobi sun nuna cewa tsakanin sati 3 da sati 12 na haihuwa kwikwiyo yake koyon abin da zai amince da shi. Wanda ya tashi cikin yara da awaki da kaji a wannan lokaci, da wuya ya tasam musu in ya girma. Kada a raba shi da uwarsa kafin sati 8, don wurin wasa da ƴan'uwansa yake koyon sassauta haƙori. Duka kuwa tsoro yake koya wa kare, kare mai tsoro kuma shi ya fi saurin cizo. Kira da suna guda, da ɗan abin lasa in ya amsa, sun fi sanda aiki.

Wanda zai kawo sabon kare, kada ya jefa shi tsakar gida kai tsaye, domin tsohon yana ganin gidan nasa ne. A fara gama su a fili bayan gari, kowa da igiyarsa, su shinshini juna, su tako gida tare. Namiji da mace sun fi saurin shiri bisa ga karya biyu. In faɗa ya kaure, kada a sa hannu tsakani, a watsa musu ruwa.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Tun 1885 Luwi Pastor na Faransa ya fara ceton yaro da allurarsa, amma har yanzu in alamun ciwon suka bayyana ga mutum, sai dai haƙuri. Kare guda da ya yi yawon dare ya gamu da mahaukaci zai iya shafa wa sauran na gida. Don haka da kwikwiyo ya kai wata 3, a nemi ma'aikatan kiwo na Dogondutsi ko na Tibiri su yi masa rigakafi, a riƙa sabuntawa yadda suka ce. Wanda aka ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar, ko da karen na gida ne.

Mai kare shi ke da alhakin cikinsa da halinsa. In ba zai iya ciyar da biyu da yi musu allura ba, guda ya ishe shi.